DARASI DON MA'AIKATAN ƘAUYE: ZAMAN 'YAN MISHAN A KOLOBENG

Kafin a fara, a karanta Ayyukan Manzanni 18:1-4 da 2 Tasalonikawa 3:6-13.

'Yan'uwa, a cikin wannan darasi za mu yi nazarin zaman wani iyali na 'yan mishan a ƙauyen Kolobeng, a ƙasar da ake kira Botswana yanzu, can kudancin Afirka. Sun zauna a wurin daga 1847 har wajen 1851. Maigidan shi ne Dauda Libinston, uwargida kuwa Maryamu. Da yawa daga cikinmu mun ji sunansa a makaranta saboda tafiye-tafiyensa da binciken koguna. Amma kafin ya yi suna, ya yi shekaru yana irin aikin da muke yi: koyar da karatu, gyaran lambu, duba marasa lafiya, da wa'azi a ƙauye guda.

Mun zaɓi labarin nan domin akwai wata damuwa da ke samun mai bishara ko malamin gona idan an aike shi ƙauye. Aiki ya yi masa yawa, bai san wanda zai fara da shi ba. Shekara takan ƙare ya gaji, iyalinsa sun gaji, kuma ba ya iya nuna abin da ya yi. Wasu sukan karai su koma birni. Iyalin Kolobeng sun sha wannan duka, sun yi daidai a wasu wurare, sun yi kuskure a wasu. Bari mu duba.

Su wane ne mutanen nan?

An haifi Libinston a ƙasar Sikotlan a 1813. Iyayensa talakawa ne. Yana da shekara 10 ya shiga aiki a masana'antar zaren auduga, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare, in an tashi kuma ya tafi makarantar dare. Da haka ya yi ta karatu har ya zama likita a 1840. Ƙungiyar Mishan ta Landan ta aike shi Afirka, ya isa tashar Kuruman a 1841.

Kuruman tashar Robat Mofat ce. Shi Mofat aikin lambu ya koya tun a gida. Ya jawo ruwa daga wani babban marmaro ya shayar da lambuna da itatuwa, ya kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Setswana. An buga Sabon Alkawari a 1840, dukan Littafin kuwa a 1857. Maryamu 'yarsa ce. A Afirka aka haife ta a 1821, ta iya Setswana tun tana yarinya. An ɗaura aurensu da Libinston a watan Janairu na 1845.

Tun a 1842 Libinston ya yi wani abu da ya kamata mu lura da shi. Ya tafi ya zauna wajen wata 6 a cikin kabilar Bakwena, ba Bature ko ɗaya kusa da shi, domin ya koyi harshensu da al'adunsu da yadda suke tunani. Wannan ya taimake shi duk tsawon ransa.

Ba su kaɗai suka yi aikin ba. Akwai malamai 'yan ƙasa tare da su, wato Mebalwe da Bulus. Mebalwe ne ya ceci ran Libinston a 1844 lokacin da zaki ya kama shi ya farfasa masa ƙashin hannun hagu. Ya jawo hankalin zakin zuwa kansa, shi ma ya sha cizo a cinya. Sarkin Bakwena a lokacin shi ne Secele, mutum mai kaifin hankali, wanda ya ƙware da karatu cikin ɗan lokaci kaɗan, ya kuma ƙaunaci littafin annabi Ishaya. Secele ne kuma babban mai roƙon ruwa na kabilar.

Ƙaura zuwa bakin rafi

Da farko suna zaune a wani wuri mai suna Conuwane, sai ruwa ya ƙi zuwa. Libinston ya ba Secele shawara su nemi rafin da ba ya ƙafewa, su tare shi, su haƙa hanyar ruwa zuwa gonaki kamar yadda aka yi a Kuruman. Sarki ya yarda. A 1847 kabilar duka ta tashi ta koma bakin rafin Kolobeng, tafiyar mil 40.

A lura da yadda aka yi aikin. Ba a biya kowa kuɗi ba. Mutanen gari suka yi madatsar ruwa da hanyar ruwa, shi kuwa ya taimaka aka gina wa sarkinsu gida mai kusurwa huɗu. Makaranta ma su suka gina da hannunsu, yana nuna musu. Da yake guminsu ne, sun ɗauki madatsar da makarantar abinsu. A shekara ta fari noman rani ya yi kyau ƙwarai.

Gidan kansa kuwa, shi ya gina. Wannan ne gida na uku da ya gina a Afirka. Bakwena ɗakunansu zagayayyu ne, ba su saba da gini mai kusurwa ba, saboda haka shi ne ya daidaita kowane tubali da kowane itace. Wani maƙeri ɗan ƙasa ya koya masa haɗa ƙarfe da ƙarfe a wuta. Surukinsa Mofat ya ƙara masa sanin sassaƙa da lambu. Likita ne, amma bai ji kunyar zama gaban maƙerin ƙauye ya koya ba.

Yadda suke raba yini

Ga tsarin da suke bi kullum, kamar yadda shi Libinston ya bayyana daga baya.

Suna tashi da asuba, domin a ƙasar safiya tana da sanyi mai daɗi ko da rana za ta yi zafi. Sai su yi sujada ta iyali. Tsakanin ƙarfe 6 da 7 su karya kumallo. Daga nan sai makaranta. Kowa ana gayyatarsa, maza da mata da yara. Ana tashi wajen ƙarfe 11.

Bayan makaranta uwargida ta shiga aikin gida, maigida ya kama aikin hannu: ƙira, ko sassaƙa, ko lambu, gwargwadon abin da ake bukata a ranar. Idan ya gyara wa wani kayan aiki, mutumin yakan biya da aiki a lambu ko wani wuri. Ta haka mai sana'a da mai ƙarfi suka yi musaya, ba wanda ya zama maroƙi.

Da rana su ci abinci su huta awa ɗaya. Sannan Maryamu ta tafi makarantar ƙananan yara, wadda yaran suke so ƙwarai, wani lokaci sukan kai 100. Wasu ranaku kuma ta koya wa 'yan mata ɗinki. Maigida ya koma aikinsa na hannu har rana ta yi sanyi.

In rana ta faɗi ya shiga gari ya zauna da duk wanda yake son hira, wani lokaci a kan al'amuran duniya, wani lokaci a kan addini. Dare uku a mako, bayan an gama tatsar shanu, ana yin sujada ta jama'a. Ana kuma yin taro don koyar da ilimin duniya, da hotuna da abubuwan da ake nuna wa mutane su gani da ido. Ban da wannan duka akwai duba marasa lafiya, da ba su magani, da taimakon matalauta da abinci.

Abubuwa biyu za mu gani a nan. Na ɗaya, sun bi lokacin mutanen gari. Ba su kira taro lokacin tatsar shanu ba, sai da aka gama. Na biyu, kowane aiki yana da sa'arsa, saboda haka mutane sun san lokacin da za su same su da wurin da za su same su.

Aikin uwargida

Babu kanti a Kolobeng. Kuruman, inda za a iya samun ɗan taimako, ta fi mil 200, da keken shanu kuma ake zuwa. Albashin ɗan mishan mai iyali wajen fam 100 ne a shekara. Don haka kusan kome sai an yi shi a gida.

Hatsi sai an niƙa. Burodi sai an gasa, wani lokaci a ramin da aka fafe a jikin suri, a rufe bakinsa da faifan dutse, wani lokaci a tukunyar ƙarfe da garwashi a ƙasa da bisa. Man shanu a cikin tulu ake kaɗa shi. Kyandir da kitse ake zuba shi. Sabulu kuwa da toka da kitse, kamar yadda matanmu suka san yin sabulun salo, sai dai tokar itacen ƙasar ba ta da ƙarfi, har akan yi wata guda ko fiye ana dafa ta kafin sabulu ya kama. Tufafin iyali Maryamu ce take ɗinkawa.

Tana yin wannan duka da goyo ko da ciki. Tsakanin 1846 da 1851 ta haifi 'ya'ya 5. Ɗaya daga cikinsu, Alisabatu, an haife ta a 1850, ta rasu bayan 'yan makonni, aka binne ta a Kolobeng. Idan muna ba da labarin tashoshin mishan mukan ambaci maza kawai. Amma da ba don matar nan ba, da makarantar yara ba ta tsaya ba, gidan ma da bai tsaya ba.

Shekarun fari

Murnar noman rani ba ta daɗe ba. A shekara ta biyu ruwan sama bai zo ba, ta uku ma haka. Libinston ya ce ruwan da aka yi cikin shekaru biyun nan bai kai inci 10 ba. Rafin Kolobeng ya ƙafe. Kifaye suka mutu har kuraye suka taru suka kasa cinyewa. Aka yi ta haƙa a gindin rafi ana bin ruwa yana gudu, don a rayar da itatuwan da aka dasa, amma a banza. Shekara ta huɗu ma ba ta yi kyau ba.

Mata suka sayar da kayan adonsu suka sayi hatsi wurin maƙwabta. Yara suka bazu daji neman saiwoyi. Maza suka koma farauta. Iyalin 'yan mishan ma yunwa ta taɓa su. Akwai lokacin da suka niƙa dusa suka ci. Sun ci fara, yaransu sun ci manyan kwaɗi da tsutsotsin itace kamar sauran yaran gari. Sarki Secele yakan aiko musu da nama daga rabonsa na sarauta. Wanda ya zo taimako, shi ma sai da aka taimake shi.

Duk wanda ya ji labarin farin da aka yi a ƙasarmu a 1973 ya san abin da irin wannan yake yi wa gari. Madatsar ruwa dabara ce mai kyau, amma a kan rafi ɗaya ta dogara. Da rafin ya tafi, kome ya tafi.

Bangaskiyar sarki da fushin jama'a

Secele ya daɗe yana nazari kafin ya ba da gaskiya. Wata rana ya ce wa Libinston mutanensa ba sa jin magana sai da bulala, in ya yarda zai sa a yi musu bulala har su tuba gaba ɗaya. Libinston ya ƙi, domin bangaskiyar dole ba ta da amfani.

An yi wa Secele baftisma a watan Oktoba na 1848. Kafin haka ya sallami matansa ban da ɗaya, ya ba su sababbin tufafi da kayansu, ya mai da su gidajen iyayensu. Matan nan suna cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a makaranta, kuma 'ya'yan manyan gari ne. Danginsu suka ji haushi ƙwarai. Masu zuwa makaranta da sujada suka ragu. Ga shi kuma sarki ya daina roƙon ruwa daidai lokacin da ruwa ya ƙi. Dattawa suka riƙa zuwa wurin Libinston suna roƙonsa ya bar sarki ya kawo musu ko da 'yar yayyafi, don a ganinsu shi ya ɗaure shi. Ba su yi masa mugunta ba, amma zuciyarsu ta ja baya.

A 1849 aka ga ɗaya daga cikin matan da aka sallama tana da ciki, Secele kuma ya amsa nasa ne. Aka dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji. Shi kaɗai ne mutumin da Libinston ya yi wa baftisma a cikin manyan Bakwena, ga shi ya yi tuntuɓe. Daga wannan lokaci hankalin Libinston ya koma arewa. A 1849 ya ƙetare hamadar Kalahari ya kai tafkin Ngami. A 1850 da 1851 ya sake tafiya, wannan karo da matarsa da ƙananan yara, suka sha zazzaɓi da ƙishirwa ƙwarai. A 1852 ya sa su a jirgin ruwa zuwa Ingila.

A watan Agusta na 1852 Turawan Bowa, wato jikokin mutanen Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu, suka kai wa Bakwena yaƙi a Dimawe, inda suka riga suka koma. Suka kashe mutane, suka kwashe shanu da mata da yara da yawa. Gidan Kolobeng ma aka washe shi, aka yayyage littattafai, aka farfasa kwalaben magani. A yau harsashin ginin ne ya rage, gwamnatin Botswana tana kiyaye shi a matsayin wurin tarihi, yamma da babban birninsu Gaborone.

Abin da ya biyo baya

In da a 1852 aka rubuta rahoto, da an ce aikin ya lalace: rafi ya ƙafe, gida ya rushe, mai bi ɗaya tak, shi ma a dakace. Amma Secele bai bar Littafin ba. Bayan tafiyar malaminsa shi ya riƙa jagorar sujada, yana koya wa mutanensa karatu, yana wa'azi har a wasu kabilu. A 1857 ya karɓi waɗansu 'yan mishan daga Jamus su zauna a garinsa. 'Yan mishan da suka zo daga baya sun yi ta saɓani da shi a kan al'adun da bai bari ba, duk da haka ta wurinsa ne bishara ta kafu a cikin Bakwena. Ya yi sarauta har rasuwarsa a 1892.

Maryamu ta rasu da zazzaɓi a bakin kogin Zambezi a 1862. Libinston ya rasu a 1873 a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu. Kusa da ƙarshen ransa ya rubuta cewa abin da yake nadama a kan zaman Kolobeng shi ne bai keɓe lokacin wasa da 'ya'yansa ba. Kullum in dare ya yi ya riga ya gaji, kafin ya ankara kuma sun yi nisa da shi.

Abin da za mu koya

1. Mu koyi harshen mutane da tunaninsu kafin mu fara gyara musu noma ko wani abu. Wata 6 da Libinston ya ba wannan ba asara ba ne.

2. Mu tsara yininmu, mu kuma daidaita shi da lokacin jama'a. Taron da aka kira ranar kasuwa ko lokacin shuka, kujeru ne za su halarta.

3. Mu iya aikin hannu. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti don kada ya nauyaya wa kowa. Manomi ya fi saurin yarda da malamin da ya gani riƙe da fartanya.

4. Kada mu raba kome kyauta in akwai hanyar musaya. Abin da gari ya gina da guminsa, gari zai kiyaye shi. Kyauta a bar ta don wanda ba shi da hali da gaske.

5. Kada gari ya dogara ga hanya ɗaya. In mun yi madatsa, mu yi tunanin rijiya, da rumbun ajiya na jama'a, da irin da ke nuna da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Mu yi tunanin waɗanda canji zai taɓa. Matan Secele da danginsu sun ɗauki nauyin shawarar da ba su suka yanke ba, wannan kuwa ya rufe ƙofofi da yawa. Kowane sabon abu da muka kawo, mu tambaya wa zai yi asara, mu nemi yadda za a tallafe shi.

7. Mu ba iyalinmu rabonsu na lokaci, mu kuma lissafa aikin matanmu a cikin aikin. Ekklesiyar da ta aiki ma'aikaci ta tuna iyali guda ta aika.

8. Kada mu yi saurin yanke hukunci a kan wanda ya yi tuntuɓe, ko a kan aikin da bai nuna amfani cikin shekara 4 ba. Wanda aka ɗauka ya fāɗi, shi ya riƙe aikin shekara 40.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane sashe na tsarin yinin Kolobeng zai yi amfani a ƙauyenku, wanne ne kuma ba zai yiwu ba? Don me?

2. Da ku ne kuka ba da shawarar ƙaura zuwa bakin rafi, rafin kuma ya ƙafe, me za ku faɗa wa dattawan gari?

3. Wane aiki ne a garinku aka yi wa mutane kyauta ya lalace? Wanne ne suka yi da kansu ya tsaya?

4. Wace sana'a ce za ku iya koya wurin mutanen ƙauyen da kuke aiki?

5. Su wane ne Mebalwe da Bulus na wurinku, waɗanda suke aiki ba a ambatar sunansu? Ta yaya za a ƙarfafa su?

Aikin wannan wata

Kowane ma'aikaci ya ɗauki takarda ya rubuta yadda ya yi da sa'o'insa har kwana 7, daga tashi zuwa kwanciya. Uwargida ma ta rubuta nata, in ba ta iya rubutu ba a rubuta mata. Ranar ta takwas ku zauna tare ku duba: ina lokacin addu'a, ina na koyarwa, ina na gona, ina na ziyara, ina na yara. Ku gyara inda ya karkace, ku kawo takardar taro na gaba mu duba tare. Allah ya ba mu ƙarfi da haƙuri cikin aikinsa. Amin.